Waiwaye: yadda kuɗin shiga tsakiyar New York ya zama abin zuwa kotu

Tun daga 5 ga Janairun 2025, kusan duk ƙaramar motar da ta gangara ƙasa da titi na 60 a Manhattan, tsakiyar birnin New York, da rana, kyamara na karanta lambarta a cire mata dala 9. Har yanzu ana ta ce-ce-ku-ce a kai, wasu ma gani suke kamar daga sama abin ya faɗo.

Ba sabon zance ba ne. Tun shekarun 1950 masanin tattalin arziki William Vickrey yake cewa titi mai cunkoso ba kyauta ba ne, sai dai a biya da lokaci. Singafo ta fara karɓar kuɗin cunkoso a 1975, Landan ta bi a 2003. A New York an kawo shawarar dala 8 a 2007, ta shiririce a shekarar da ta biyo baya.

Inda aka ƙulla abin shi ne Afrilun 2019, kuma a nan ne ba a cika tsayawa ba. Shekara biyu kafin nan jiragen ƙasa na ƙarƙashin birnin sun yi ta lalacewa har aka ayyana dokar ta-ɓaci a kansu. Sai aka saka dokar kuɗin cunkoso cikin kasafin kuɗin jihar. Dokar ba ta faɗi nawa direba zai biya ba. Abin da ta faɗa shi ne a tara kuɗin da zai isa a ciyo bashin dala biliyan 15 don gyaran sufuri, wato kimanin biliyan 1 a shekara. Kashi 80 na jiragen cikin gari da bas-bas, sauran 20 na layukan dogo biyu masu shigo da mutane daga wajen gari.

A ganina nan ne tushen rigimar. Tunda jimlar ba ta motsi, duk wanda aka yafe wa, wani ne zai ɗauki kasonsa, shi ya sa kowace ƙungiya ta zo da koken a cire ta. Sannan an riga an ɗinka riga da kuɗin da bai shigo ba: sabbin sigina, lifta ga masu keken guragu, da tsawaita layin jirgin ƙasa na Second Avenue zuwa unguwar Harlem ta Gabas.

Don haka da gwamnar jihar ta dakatar da shirin a farkon Yunin 2024, ana saura 'yan makonni a fara karɓar dala 15, ga kyamarori a rataye ba aiki, sai ayyukan nan suka tsaya. Dalilin da aka bayar shi ne tsadar rayuwa, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ƙungiyoyin da suka shigar da ƙara a watan Yuli ba su ɓata lokaci kan daɗin iska mai tsabta kaɗai ba. Wasunsu dokar 2019 suka ɗora a gaban alƙali, suka ce ta wajabta aiwatarwa, ba zaɓi ta bayar ba. A Satumba kotu ta ƙi korar ƙarar. A Nuwamba aka dawo da shirin a kan dala 9.

Rigimar ta koma kotun tarayya a Fabrairun 2025, bayan gwamnatin tarayya ta janye amincewar da ta ba shirin. A watan Mayu alƙali ya hana gwamnatin tarayya ɗaukar matakin ladabtarwa kan jihar, kyamarorin suka ci gaba da karanta lambobi.