Neman Afuwar Ƴan Asalin Ostireliya

Neman afuwar ƙasa jawabi ne da Firaministan Ostireliya, Kevin Rudd, ya gabatar a majalisar tarayya da ke Canberra ranar 13 ga Fabrairu, 2008. A ciki ya roƙi gafarar ƴan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran mashigin Torres, musamman waɗanda aka raba da iyayensu tun suna ƙanana.

Asali

Ana kyautata zaton Aborijin sun shafe fiye da shekara 50,000 a nahiyar kafin saukar Turawan Ingila a 1788. Daga wajajen 1910 zuwa shekarun 1970, hukumomi sun riƙa ɗauke yara, galibi ƴan ruwa biyu, suna kai su gidajen mishan, gidajen marayu ko hannun Turawa, da nufin su narke cikin fararen fata. Akan sauya wa yaro suna, a hana shi harshen da ya sha a nono. Ƴan mata aikatau ake koya musu, maza kuwa noma da kiwo. Wasu iyaye mata har gawayi suke shafa wa ƴaƴansu don fatar ta yi duhu, da an ji ƙarar motar ƴan sanda kuma sai a ɓoye su a daji.

Binciken da Ronald Wilson da Mick Dodson, manyan jami'an hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, suka jagoranta ya saurari mutane fiye da 500. Rahotonsa na 1997, Bringing Them Home, ya ƙiyasta cewa daga ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku na yaran ƴan asali aka ɗauke, ya kuma ba da shawarar neman afuwa da biyan diyya.

Ja-in-ja

Firaministan lokacin, John Howard, wanda ya gabaci Rudd, ya ƙi neman afuwa, bisa hujjar cewa mutanen yau ba za su ɗauki laifin magabata ba. Jama'a ba su jira shi ba. An fara Ranar Ba da Haƙuri a 26 ga Mayu, 1998, kuma a 2000 kimanin mutum 250,000 suka tsallaka gadar Sydney a ƙafa don neman sulhu. Ko abin da aka yi ya kai a kira shi kisan ƙare-dangi, har yau ana saɓani a kai.

Bayan jawabin

Afuwar ba ta zo da diyya ba. Jihar Tasmania ta riga ta kafa nata asusun diyya a 2006, na gwamnatin tarayya sai 2021. A ƙuri'ar raba-gardama ta 2023, kusan kashi 60 cikin 100 sun ƙi a kafa wa ƴan asali majalisar ba da shawara a tsarin mulki. Har yanzu hukumomin kula da yara sun fi ɗauke ƴaƴan Aborijin nesa ba kusa ba a kan na sauran jama'a.