Wai me ake nufi da noman zamani ne?

Kullum sai ka ji kalmar nan, a rediyo, a bakin 'yan siyasa, har a teburin mai shayi, amma in ka tambayi mutum ma'anarta sai ya ce maka tarakta. Toh tarakta tana ciki, sai dai abin ya wuce nan. Noman zamani shi ne manomi ya sa ilimi da fasaha a duk matakin aikinsa tun daga zaɓen iri har ranar da kaya za su sauka a kasuwar Dawanau ko ta Yankaba a Kano, ya san irin da ke nuna da wuri, ya san takin da ƙasarsa ke buƙata, ya san inda zai ajiye amfani kar ya lalace.

Ɗauki wake. Da in ka ajiye shi wata biyu uku sai ka tarar ƙwaro ya huhhuda shi, shi ya sa mutane ke zuba masa fiya-fiya, guba ce fa muke ci da bakinmu, har Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari. Sai ga buhun PICS da jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, leda biyu ce a ciki buhu a waje, ka matse iska ka ɗaure kowacce daban, ƙwaron ya rasa numfashi ya mutu da kansa, ba magani ba lantarki ba mai. Ni a wajena wannan buhun ya fi wata babbar na'ura cancantar sunan noman zamani, don talaka zai iya saya kuma in bai huje ba zai sake amfani da shi baɗi.

A noman rani ma haka. Dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, amma wanda kwata ba ta kai gonarsa ba sai injin ban ruwa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mai ke cinye riba, shi ne ka ga an raja'a a kan famfo mai sola. Yana aiki wallahi, matsalar kuɗin saye na farko ne, mai 'yar gona ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba sai an haɗa hannu.

Waya ma ta shigo, a 2012 lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma ta saƙon waya aka riƙa raba tallafin taki, yanzu kuma hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina duk shekara.

Inda gizo ke saƙar shi ne fasahar tana gudu manomi yana tafiya da ƙafa. Gonar gado an raba ta tsakanin 'ya'ya har ta zama 'yan filaye, tarakta ina za ta juya? Manhajojin noma da yawa da Turanci suke, ƙauyen ma sabis sai an hau tudu. Kuma ka tuna 2016, shekarar da aka buɗe kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa ita ce tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, ga inji sabo fil ba tumatir ɗin da zai niƙa. Har yau in ka je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan za ka ga ana loda tumatir a kwando ɗaya kan ɗaya zuwa Legas, na ƙasa ya dagargaje ruwa na ɗiga daga mota, alhali akwatin roba zai rage wannan asarar sosai.

Masana muna da su, ga cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a BUK, ga cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa IITA nan cikin Kano, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Malaman gona ne suka yi ƙaranci, waɗanda za su taka har gona su yi wa manomi bayani da Hausa kafin ruwan shuka ya sauka.