Waiwaye: Daga Landan Zuwa Serowe, Tsohuwar Taƙaddama Kan Auren 'Ya'yan Sarauta

A 'yan shekarun nan, da wuya a ɗaura auren wata jikar sarki da wanda ba shi da jinin sarauta, maganar ba ta zagaye birnin Zariya kafin a gama rabon goro ba. Hotunan kamu da na wunin biki sukan riga amarya isa ɗakinta, su bazu a Facebook da WhatsApp, daga nan muhawara ta ɓalle a majalisun Babban Dodo da Tudun Wada har ta kai teburin mai shayi a Samaru. Wasu na cewa boko da wayar hannu ne suka sa 'ya'yan manyan gidaje suka daina jin maganar iyaye, wasu kuma na cewa zamanin tambayar asali ya wuce, duk wanda yarinya ta nuna a ba shi. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya aka fara wannan taƙaddama, alhali kuwa ta girmi duk masu yin ta, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai aka sha fama da ita ba.

Labaran da aka fi sani ba sa buƙatar dogon bayani. Tun a 1900 magajin sarautar Ostiriya, Franz Ferdinand, ya auri Sophie Chotek bisa sharaɗin cewa 'ya'yan da za ta haifa masa ba za su gaji sarauta ba. A watan Disamba na 1936 Sarki Edward na Takwas na Ingila ya sauka daga karaga, bai ko cika shekara a kanta ba, domin ya auri Ba'amurkiya Wallis Simpson, aka kuma ɗaura auren a Faransa a 1937. Gimbiya Margaret, 'yar ƙaninsa, ita haƙura ta yi da Peter Townsend a 1955. Akihito na Japan ya auri Michiko, 'yar mai kamfanin fulawa, a 1959, Harald na Norwe kuma ya jira shekara 9 kafin a bar shi ya auri Sonja, 'yar mai shagon tufafi, a 1968. Har a 2021 jikar Akihito, Gimbiya Mako, sai da ta ajiye matsayinta na gimbiya ranar da ta auri abokin karatunta, kamar yadda dokar gidansu ta 1947 ta tanada.

Cikin waɗannan, labarin Edward ne masu muhawara a Zariya suka fi ɗaukowa, amma shi ne mafi nisa da halin da muke ciki. Abin da ya tare masa hanya shi ne matsayin auren macen da mijinta na baya yake raye a cocin Ingila na wancan lokaci, mu kuwa auren bazawara bai taɓa zama abin kunya ga sarki ko talaka ba. Labarin da ya fi kama da namu ya faru ne a nahiyarmu, a garin Serowe na ƙasar da ake kira Botswana a yau, kuma ba kasafai ake jin sa a bakin masu gardamar ba.

An haifi Seretse Khama a 1921, jikan Sarki Khama na Uku na al'ummar Bangwato. Mahaifinsa ya rasu a 1925 yana ɗan shekara 4, sai ƙanin mahaifinsa, Tshekedi Khama, ya riƙe masa sarauta, ya rene shi, ya tura shi karatu Afirka ta Kudu, daga bisani Ingila inda ya shiga karatun lauya. A Landan ne ya haɗu da wata Baturiya mai aikin akawu, Ruth Williams, a 1947. Ɗaurin aure a coci bai yiwu ba, don haka suka yi auren rajista a watan Satumba na 1948. A gidan su Ruth ba a yi maraba da abin ba, a Serowe kuwa wasiƙa ce ta kai wa baffan nasa labari.

Wanda ya san yadda gidan sarauta yake ba zai yi mamakin ɓacin ran baffan ba. Mutum ne da ya shafe sama da shekara 20 yana gadin karagar ɗan wansa, kuma a al'adar Bangwato matar sarki ba tasa ba ce shi kaɗai, domin ita ce za ta haifi sarkin gobe, saboda haka sai da sanin dangi da yardar jama'a ake zaɓen ta. Abin da aka tuhumi Seretse da shi tun farko shi ne ya yi aure bai yi shawara ba, launin fatar matar kuma ya ƙara wa wutar makamashi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Bangwato suna da wani dandali da suke kira kgotla, wanda ya yi kama da ƙofar fada a wurinmu, sai dai a can kowane magidanci yana iya miƙewa ya faɗi albarkacin bakinsa, ko da ya saɓa wa na sarki. Seretse bai zauna a Landan yana aiko da saƙo ba, ya dawo gida ya tsaya a gaban mutanensa. A zaman farko, cikin Nuwamba 1948, kusan kowa ya juya masa baya, dattawa suka yi masa faɗa irin na ɗan da ya yi laifi, shi kuma ya amsa cewa rashin shawara kuskure ne, amma ya ƙi sakin matarsa. A zama na biyu, cikin Disamba, kawuna suka fara rabuwa, aka ce ana son sa a matsayin sarki amma ba a karɓi matar ba. Kafin zama na uku, a watan Yunin 1949, tambayar da ke zukatan mutane ta sauya, ta tashi daga wace ce wannan mata ta koma wa zai hau karagar Khama idan aka rasa Seretse. Dubban mutane suka hallara daga garuruwa da rugage, aka kwashe kwanaki ana magana. A ƙarshe ya nemi waɗanda ba su yarda da shi da matarsa ba su miƙe, 'yan tsiraru suka tashi, da ya nemi masu goyon bayansa kuwa sai dandalin ya miƙe gaba ɗaya.

Wato cikin wata 7 jama'ar da ta yi tir da auren ita ce ta amince da shi, ba wata doka da aka sake, ba wata al'ada da aka rushe. Al'adar da aka ce ita ce shingen, ita ce ta buɗe ƙofa, bayan an ba ta haƙƙinta na a zo gabanta a ji ta bakinta. Baffan, da ya ga inda jama'a ta karkata, ya kwashe mutanensa ya bar Serowe, Ruth kuma ta iso garin a watan Agusta.

Sauran wahalar daga waje ta zo, daga lissafin siyasar wariyar launin fata da ta mamaye kudancin Afirka a lokacin, domin a 1949 ɗin ne aka haramta auren baƙi da farare a Afirka ta Kudu. A 1950 gwamnatin Ingila, wadda ƙasar take ƙarƙashinta a lokacin, ta raba Seretse da ƙasarsa, ya koma zaman Ingila. Duk tsawon shekarun nan Bangwato sun ƙi naɗa wani a madadinsa. A 1956 ya sasanta da baffansa, dukkansu biyu suka janye daga neman karagar, ya dawo gida da iyalinsa a matsayin talaka kamar kowa. Bayan shekara 10, a 1966, shi ne ya zama shugaban Botswana na farko, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1980. Ɗan da Ruth ta haifa masa, Ian Khama, an naɗa shi sarkin Bangwato a 1979, ya kuma shugabanci ƙasar daga 2008 zuwa 2018.

Idan aka dawo gida, akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi. Fargabar Ostiriya da ta Serowe a kan uwar magaji ce, mu kuwa ɗa ubansa yake bi, shi ya sa a masarautun ƙasar Hausa 'ya'yan sa-ɗaka suka yi ta hawa karaga ba tare da an ce uffan ba. Ɗan sarki kan auro 'yar malami ko 'yar attajiri, har da 'yar wani yare, a yi biki lafiya. Nauyin a kan 'ya mace ya faɗo. A Zazzau, inda sarauta take tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, aurar da 'ya ya daɗe yana zama hanyar ƙulla zumunci tsakanin gida da gida, ko jawo wani malami ko hakimi a jiki. Yarinyar da ta kawo nata zaɓin takan warware wani ƙulli da manya suka yi ba da saninta ba. Masu fakewa da addini a wannan gaɓa kuwa ba su da madogara mai ƙarfi, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar miji ana auna ta ne da addininsa da kuɓutarsa daga aibun da ke hana zaman aure, nasaba ba ta cikin sharaɗi. Tarihin Sahabbai ma ya nuna Fatima bint Ƙais, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaid, wanda mahaifinsa 'yantacce ne. Ko labarin kafuwar ƙasar Hausa da ake koya wa yara a firamare, baƙo ne ya sauka a Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu, Sarauniya Daurama ta aure shi.

Na ga irin wannan da idona a unguwarmu a cikin birni, shekarun baya. Wani malamin firamare, ɗan gidan marina, ya nemi wata jikar sarauta da suka yi kwaleji tare. Tambayar farko da gwaggonta ta yi ita ce wadda kowa ya sani: «Ɗan gidan wa ne?» Da aka faɗa mata, sai ta ce a duba hannun ubansa, shuni bai gama fita ba. Amma wanda ya fi tsanantawa baffanta ne, wanda shi ne waliyyinta, kuma daga baya aka gane cewa a wurin wani ɗaurin aure ya fara jin zancen, daga bakin bare, a gaban mutane. Kusan shekara 2 ana kai ruwa rana, yarinyar ta ƙi sauraron kowa, saurayin kuma ya yi ta aika abokansa da 'yan'uwanta mata, abin da ya ƙara harzuƙa dattijon.

Abin ya warware ne ranar da mahaifin saurayin ya ɗauki ƙannensa biyu da limamin unguwa, suka je zauren baffan bayan la'asar, suka tuɓe takalma tun daga ƙofa, suka zauna a ƙasa. Tsohon marinin ya ce, «Ranka ya daɗe, yaro ya yi kuskure, mu ma mun yi, ta nan ya kamata mu fara.» Baffan bai ba su amsa a ranar ba. Ya sa aka yi bincike kamar yadda ake yi wa kowa, aka tambayi maƙwabta da abokan aikin yaron da masallacin da yake salla, sannan ya tara 'yan'uwansa maza da mata ya ji ta bakin kowa, har da gwaggon da ta yi zancen shuni. Bayan mako 3 ya aika a turo magabata da goro. Shi da kansa ya karɓi sadaki ranar ɗaurin auren, gwaggon kuma ita ce ta riƙe hannun amarya ta kai ta ɗakinta a Tudun Wada.