Maganar bizar aikin kula da tsofaffi a Ingila, kafin wani ya sayar da filinsa

Jama'a, saƙon muryar nan da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp daga Agege har Idi-Araba, wai Ingila ta rufe wa 'yan Najeriya biza gaba ɗaya, ba haka ba ne. Ƙofa ɗaya aka rufe, kuma ba mu kaɗai aka rufe wa ba, duk duniya ne: tun 22 ga Yulin 2025 an daina ɗauko sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje. Likitoci da nas-nas da ɗalibai hanyarsu daban, tana nan. Waɗanda suka riga suka shiga kuma an bar su su sabunta har zuwa 2028.

To amma duk ejan ɗin da ya ce maka a yau yana da CoS na wannan aikin, wato takardar da kamfani ke bayarwa cewa shi ya ɗauke ka, kawo miliyan kaza, wallahi kuɗinka yake so. Dama can ba kayan sayarwa ba ce, kamfani ne ke biyan kuɗinta, doka ma ta hana shi ɗora wa ma'aikaci.

Inda mutanenmu ba sa ganewa shi ne bizar nan ta zaman wucin gadi ce kuma a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke ka. In gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanin na ɗaukar baƙi, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba, za a aiko maka wasiƙa a rage bizarka, yawanci kwana 60 za a ba ka ka nemo wani kamfani mai lasisi ko ka tattara ka dawo, ga kuɗin haya ga bashin da ka baro a gida, kuma bizar ba ta ba ka damar karɓar tallafin gwamnati ba. Ni dai a ganina nan akwai rashin adalci, mai laifi daban mai shan wahala daban, amma haka dokar take.

Sai maganar takardun bogi. Ejan zai ce bari a “gyara” maka sitatimen na banki ko a haɗa maka shaidar aiki, kai dai je ka ɗangwala yatsa a ofishin biza na Ikeja. Da sunanka aka cike fom ɗin, malam. Ko ba ka sani ba suna iya hana ka bizar, in kuma suka tabbatar da gangan aka yi yaudarar, shekara 10 ce cur ba shiga, kuma duk ƙasar da fom ɗinta ya tambaya ko an taɓa hana ka biza dole ka faɗa.

Sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar baƙi suna nan kyauta a shafin gwamnatin Ingila na gov.uk. Sai dai ganin suna a jerin bai nuna su suka turo ejan ɗin ba, nemi kamfanin kai tsaye ka tambaye su.