Mazaunin Tsofaffi da Kiyaye Muhalli a Jihar Kebbi

Kiyaye muhalli a mazaunin tsofaffi fanni ne da ke duba yadda ake gina wuraren da tsofaffi ke zaune da yadda ake tafiyar da su, domin a rage ɓarnar itace da ruwa da makamashi, a kuma kare tsoho daga zafi da hayaƙi da ambaliya. A Turai da Amurka maganar ta shafi gidajen da aka keɓe wa tsofaffi, masu ma'aikata da kasafin kuɗi. A Jihar Kebbi kuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, mutum a cikin iyalinsa yake tsufa. Saboda haka batun ya fi komawa kan gidan gandu: ɗakin da tsoho ke kwana, murhun da ake dafa masa abinci, randar ruwansa, da bishiyar da yake wuni a ƙarƙashinta.

Asalin batun a ƙetare

A shekarar 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani shiri kan tsufa a birnin Madrid, wanda ɗaya daga cikin ginshiƙansa uku shi ne samar wa tsofaffi muhallin da ya dace da su. Abin da ya fi jawo hankalin duniya, sai dai, shi ne zafin da aka yi a Turai a 2003. A Faransa kaɗai ya kashe kimanin mutum 15,000, akasarinsu tsofaffi, kuma bayansa aka wajabta wa gidajen tsofaffi su tanadi ɗaki mai sanyi. A 2017, bayan guguwa ta katse lantarki a jihar Florida ta Amurka, zafi ya yi ajalin mutum 12 a wani gidan tsofaffi, jihar ta sa dokar tanadin janareta. Wasu gidajen kuma sun shiga ɗora faifan sola a rufi, da dasa bishiyoyi, da tara ruwan sama, da mayar da ragowar abinci taki.

Ƙasa da yanayi

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991. Tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Ruwan sama na shekara kimanin milimita 800 ne a arewa, ya kan kai 1,000 ko fiye a kudu. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40.

Jikin tsoho ba ya fitar da gumi kamar na matashi, kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri, shi ya sa bazara ta fi yi masa illa. An ga haka a farkon Afrilun 2024, cikin azumi, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, wani babban asibiti a Bamako kuma ya ƙirga mace-mace sama da 100 cikin kwana huɗu, da yawansu na waɗanda suka haura shekara 60.

Gidan gandu da gininsa

A tsarin gandu, maigida da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki suna zaune a gida ɗaya, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. In ƙarfin maigida ya ƙare, babban ɗa ya karɓi ragamar gona, shi kuma Baba ya koma zaure ko gindin bishiyar ƙofar gida, inda ake zuwa gaishe shi da kawo masa ƙara. Inna ko Gwaggo tana da ɗakinta a cikin gida, galibi da jika ɗaya ko biyu da ke kwana wurinta, masu ɗebo mata ruwa da hura mata wuta lokacin hunturu.

Ɗakin da aka saba ba tsoho na ƙasa ne. Magina kan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su bar ta ta ruɓa na kwanaki, sannan su dunƙula tubali su shanya a rana. Ba a gasa tubali, don haka ginin ba ya cin itace. Bango kan yi kauri daga ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama, kuma kaurin nan shi ne sirrin ɗakin: yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba, lokacin da mutane suka fita tsakar gida da tabarminsu. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana shi ke riƙe ɗakin. Tagogi ƙanana ne, a can sama, don kada ƙura da hasken rana su yi yawa.

Rufin soro da shigifa na azara ne, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi faɗi, magina suka ƙware wajen ɗaure baka don faɗaɗa ɗaki. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a kafa indararo don ruwa ya sauka nesa da bango. Shafen waje kuwa da makuba ake yi, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Masu ƙaramin ƙarfi kan yi ɗakin ƙasa mai jinka, wanda shi ma yana da sanyi, sai dai gobara na saurin kama shi. Duk kayan nan daga daji da gona da karofi da majema suke fitowa, in ɗaki ya faɗi kuma ƙasarsa ake sake kwaɓawa.

Tsohon gidan sarautar Argungu, wanda aka ce an gina shi wajen 1831, sarakuna suka zauna a ciki har 1942, daga baya ya zama gidan tarihi na Kanta, yana cikin misalan daɗewar irin wannan gini in ana kula da shi. Kulawar ita ce sharaɗi: gidan ƙasa na son yaɓe kafin kowace damina, aikin da a da matasan gandu ko gayya ke yi.

Ruwa, shara da inuwa

Randa da tulu suna sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa ta jikin yumɓu, ba tare da lantarki ba. Sharar gida da toka da kashin awaki a juji ake tara su, a kai gona a kan jaki kafin shuka. Ruwan wanke-wanke kan gangara gindin zogale ko gwanda, kuma irin wannan ɗan lambun bayan ɗaki galibi a hannun tsofaffin mata yake. Leda ce ta ɓata wannan zagaye, domin ba ta ruɓewa a juji, dabbobi kuma na haɗiye ta.

Dogon yaro, wanda yanzu ya fi kowace bishiya yawa a ƙofar gidaje, baƙo ne daga Indiya, ana jin an shigo da shi Arewa wajen ƙarshen shekarun 1920. Kafinsa inuwar dattawa ta ceɗiya ce da durumi da tsamiya.

Dattawa da dokar ruwa

Tsofaffi ba waɗanda ake karewa kaɗai ba ne, su ne ke riƙe da dokokin gargajiya na ruwa da daji. A Argungu, Sarkin Ruwa ne ke kula da kogin Matan Fada, inda ake hana kamun kifi har sai lokacin bikin kamun kifi, abin da ke ba kifi damar hayayyafa. Bikin a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Manoma dattawa kuma su suka fi hana sare gawo a gona, domin yana kaɗe ganyensa da damina ya zama taki, ya yi inuwa da rani.

Sauye-sauye

Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta tashi sama da mutum 40,000, ciki har da mazauna tsibirai da gaɓar kogin Kwara a ƙasar Yawuri, aka mayar da su sababbin gidajen siminti. Daga shekarun 1970 bulo da kwano suka bazu a jihar baki ɗaya. Ɗa mai hali kan rushe wa mahaifinsa ɗakin ƙasa ya gina masa na kwano don girmamawa, amma in babu silin ɗakin kan gagari zama da tsakar rana. Kwano dai ya fi jure ruwa, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a garuruwan fadama, inda ambaliyar 2010 da 2012 da 2020 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa. Tafiyar matasa birane da cin-rani ta rage masu yaɓe, giginya ma ta yi ƙaranci.

Hayaƙi da lantarki

Yawancin gidaje da itace ko kara ko gawayi suke girki, a murhun duwatsu uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara a faɗin duniya, kuma tsohuwar da ta shafe shekaru a bakin murhu, ko mai kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera murhu mai cin itace kaɗan. Fitila da fanka masu aiki da sola sun shiga cikin kayan da 'ya'ya ke aiko wa iyaye daga birni.

Hukuma

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa bishiyoyi don tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma a 2015, da kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Shirye-shiryen biyu na farfaɗo da ƙasa ne gaba ɗaya, ba na tsofaffi kaɗai ba.

Saɓani

Ana saɓani kan gina gidajen gajiyayyu. Wasu na ganin kai iyaye can abin kunya ne kuma ya saɓa wa umarnin addini na kyautata musu. Wasu na nuni da tsofaffin da ba su da kowa, da waɗanda rikicin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyukan Zuru da Zamfara zuwa cikin gari.