Waiwaye: Daga farautar ma'aikatan bogi zuwa ƙirƙirarriyar basira a aikin gwamnati

Duk wanda ya taɓa bin sawun fayil a sakatariyar gwamnati ya san amsar nan: "Oga bai sa hannu ba, ka dawo jibi." Jibin nan kan kai wata uku. Shi ya sa da aka fara maganar shigo da ƙirƙirarriyar basira (AI), wato fasahar da ke sa na'ura ta kwaikwayi tunanin ɗan Adam, cikin aikin gwamnatin Najeriya, mutane da yawa suka yi murna kamar an zo da sabon abu fil. Alhali tun 2007 ake alƙawarin cewa na'ura za ta gyara aikin gwamnati, kuma ma'aikaci ya riga ya ɗanɗani zaƙin alƙawarin da ɗacinsa.

A watan Afrilun 2007, ana dab da ƙarewar mulkin Obasanjo, aka fara gwada tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, a ma'aikatu da hukumomi bakwai, da tallafin Bankin Duniya. Kafin nan kowace ma'aikata ita ke haɗa takardar albashinta ta karɓi kuɗin a dunƙule. Akawun da ya so cusa sunan ƙaninsa, ko ya ci gaba da karɓar albashin mamaci, babu mai hana shi. Sabon tsarin ya ce a tara sunayen kowa a rumbu ɗaya, kuɗi ya tafi kai tsaye asusun mai shi.

Haƙar ba ta cim ma ruwa sosai ba sai da Babban Banki ya fito da lambar BVN a 2014, wadda ta ɗaure kowane asusu da zanen yatsan mutum guda. Da aka gwama ta da jerin masu albashi, sai ga mutum ɗaya yana kwasar albashin mutane da dama. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta sanar da cire ma'aikatan bogi 23,846, abin da ya rage wa gwamnati kusan naira biliyan 2.29 duk wata. Wannan nasara ce ta gaske. Sai dai bayan shekara takwas, a watan Yunin 2024, Shugaba Tinubu yana ba da umarnin a karɓo kuɗi daga ma'aikatan da suka ƙaura ƙasashen waje amma albashinsu na shiga. Ɓarawon da ke cikin gida, wanda mabuɗin na'urar ke hannunsa, shi ne bai kamu ba.

Ta ɓangaren ma'aikacin gaskiya kuwa, labarin ya fi ɗaci. An gina tsarin ne don ya tsare baitulmali, saboda haka ya ƙware wajen cire suna, ya yi nawa wajen mayar da shi. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunanka na banki da na wurin aiki, albashi ya tsaya, kuma gyaran yana Abuja. Malaman jami'a ne suka fi kowa ja da wannan. Ƙungiyar ASUU ta ce IPPIS bai san malamin da ke koyarwa na wucin gadi a wata jami'a ba, bai san hutun bincike ba, bai san alawus ɗinsu ba, kuma ya taka 'yancin jami'o'i. Ta ƙera nata tsarin, UTAS, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta ce ya faɗi gwaji, ASUU kuma ta musanta. Wannan rigima tana cikin dalilan yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. A Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Ɗalibai ne suka biya kuɗin sabulu, kamar kullum.

Inda na ga na'ura ta yi wa talakan ma'aikaci rana shi ne wajen 'yan fansho. Shekara da shekaru tsoffi suna kwana a layin tantancewa don kawai su nuna ba su mutu ba. Hukumar PTAD, mai kula da 'yan tsohon tsarin fansho na tarayya, ta fara gwada manhajar "I Am Alive" a 2021: tsoho ya ɗauki hoton fuskarsa da waya ko ya danna yatsa, na'ura ta gwada da wanda ke rumbunta, shi ke nan. Sau da yawa jika ne ke riƙe masa wayar, kuma sai inda akwai sabis, amma ko banza an huta da kuɗin mota.

Sunan ƙirƙirarriyar basira ya shigo bakin gwamnati sosai ne a Nuwamban 2020, lokacin da aka buɗe cibiyarta ta ƙasa, NCAIR, a Abuja zamanin minista Isa Ali Pantami. Dokar kare bayanan jama'a ta biyo baya a Yunin 2023. Magajin Pantami, Bosun Tijani, ya fitar da daftarin manufar ƙasa kan fasahar a Agustan 2024, bayan ya ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya fito da Service-Wise GPT, manhajar da ma'aikaci zai tambaya game da dokokin aiki maimakon ya yi ta laluben tsohon kundi, ya kuma sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin daina aiki da takarda a ma'aikatu.

Bambancin wannan zango da na baya shi ne IPPIS lissafi kawai yake yi, ita kuwa sabuwar fasahar hasashe take yi: tana iya nuna wa jami'i cewa wane ya yi kama da maƙaryaci. Ƙasar Holan ta ga ƙarshen wannan. Hukumar harajinta ta yi amfani da tsarin da ke saka ƙasar asalin mutum cikin ma'aunin zargi, aka tuhumi dubban iyaye da damfarar tallafin renon yara ba su ji ba ba su gani ba, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Can ma da ke da kotuna masu ƙarfi, sai da aka shafe shekaru kafin a saurari kukansu.

A Satumban 2025 gwamnati da kamfanin Awarri suka ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da aka horar da Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin bakin 'yan Najeriya. Idan aka haɗa ta da rumbun albashi da na fansho, masinjan da ya yi ritaya a Gumel zai iya tambaya da harshensa inda giratutinsa ya maƙale. Amma sai an fara shigar da fayil ɗinsa cikin kwamfuta, kuma a jihohi da ƙananan hukumomi da yawa fayil ɗin yana nan a ɗaure da zare a cikin kabad, gara na ci.