Burodi mai ja ake so, ba mai baƙi ba

Duk wanda ya sha shayin asuba a Agege ya san yadda abin yake. Mai shayi zai tsaga burodi biyu, ya cusa ƙwai, ya mayar cikin kasko ya danne da bayan cokali har gefen ya yi baƙi. Wani ma cewa yake, "Malam, bar shi ya ƙone kaɗan, ya fi daɗi." Wannan ƙunar ce ta sa nake wannan rubutu, musamman ga 'yan'uwanmu masu gidajen burodi da masu teburin shayi.

Akwai wani sinadari da ake kira akirilamaid. Ba zuba shi ake yi ba, wuta ce ke haifar da shi. Fulawa tana ɗauke da wani abu mai suna asparajin, idan ya haɗu da sukari a zafin da ya wuce digiri 120 sai ya zama akirilamaid. Masana a ƙasar Suwidin ne suka gano shi cikin abinci a 2002, amma tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. A ɓawo yake taruwa, tsokar burodi ba ta kai wannan zafin. Iya duhun ɓawo, iya yawansa.

To abin da ake zubawa a kwaɓi fa? Nan ne gizo ke saƙar. Mutanen Legas suna son burodi mai zaƙi, sai mai gida ya yi ta antaya sukari. Yis yana farfasa sukarin, abin da bai cinye ba shi ke saurin ja a tanda. Zuma da ruwan gulukos sun fi sukarin gari wannan aiki, don haka burodin da aka sa wa zuma yana bukatar a rage masa wuta. Hodar amoniya da ake sa wa biskit ta fi su duka ɓarna. Bekin soda ya fi ta sauƙi, ko da yake ɗanɗano yakan ɗan canza. Burodin alkama mai dusa ya fi farin burodi asparajin, amma kada wannan ya sa mai ciwon suga ya guje shi, amfanin dusar yana nan, gashin kawai za a kula.

Abin da ke rage akirilamaid kuwa ba ya cin ko kwabo: a bar kwaɓi ya tashi sosai, domin yis da kansa yana cinye asparajin idan an ba shi lokaci. Na san masu kekuna da 'yan talla na jira a ƙofa tun kafin kiran sallah, gaggawar ce ke sa a ƙure wuta. Sai waje ya ƙone, ciki bai nuna ba, kwana ɗaya ya fara tsami.

Kada a haɗa akirilamaid da buromet, sinadarin kumbura burodi da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta haramta, shi da gangan ake zuba shi. Mai saye ya duba gindin burodi kafin ya biya. In ya tarar da baƙi, ya yanke wurin ya yar. Mai shayi kuma ya sauke kasko da zarar burodi ya yi launin ƙuli-ƙuli sabon suya.